Tambayar da Ta Tsaya a Zaure

Duk Zongon Lome babu wanda bai san Lukuman ɗan Hajiya Barakatu dakta ne ba, kuma babu wanda ya san ko daktan mene ne. Ranar da ya dawo daga karatu a Faransa, tsofaffi suka cika ƙofar gida, wannan da ciwon gwiwa, wancan da tari, wani har ya fara naɗe hannun riga don a yi masa allura. Lukuman ya yi bayani har yawunsa ya ƙafe. Shi ba ya duba marar lafiya. Aikinsa shi ne ya auna wa gwamnati inda ya fi dacewa ta sa ɗan abin da ke hannunta, ko asibiti a nan, ko rijiya a can. Tattalin arzikin kiwon lafiya ake ce masa, shi zai koyar a jami'a. Bobbo, dillalin shanun da ke maƙwabtaka da su, ya saki hannun rigarsa ya ce, "To madalla. Mun aiki yaro ya koyo magani, ya dawo mana da lissafi." Daga ranar sunansa ya koma Likita Ba Allura, kuma shi ma dariya yake yi idan an kira shi haka.

Mutum ɗaya ce ba ta kira shi da wannan suna ba, ba ta kuma kira shi da na yanka ba: uwar da ta haife shi. Lukuman ɗan fari ne, ita kuwa Hajiya Barakatu irin mutanen dā ce, masu kunyar ɗan fari har ƙarshenta. Tun da aka yaye shi goggonsa ta ɗauke shi, a can ya girma. Uwarsa ba ta taɓa zama da shi tabarma ɗaya ba, ba ta taɓa duban idonsa ta yi masa magana ba. In ta dafa abin da yake so, sai ta ce wa ƙanwarsa, "Assana, kai wa wancan." In ya gaishe ta, "Mma, ina kwana," sai ta amsa wa tukunya. Kowa ya san sonsa ne ke cin ta, shi ma ya sani. Amma mutumin nan da ya tsaya gaban malaman Turawa ya kare bincikensa bai ji ɗar ba, wallahi babu abin da yake so a duniya kamar ya ji sunansa a bakinta sau ɗaya. Bai taɓa gaya wa kowa ba, don ina za a kai wannan magana?

Assana, autar gidan, ita ce gadar da ke tsakaninsu. 'Yan biyu aka haife su, 'yar'uwarta Hussainatu ba ta zo da rai ba. Yarinya ce mai baki, ga tsokana. Ita ke ɗauko maganar uwa ta kai wa yayanta, ta ƙara mata gishiri a hanya, ta komo da amsa ta ƙara mata barkono.

Binciken da ya fitar da sunan Lukuman a kan Zongo ya yi shi, kuma da zuciya ɗaya ya yi. Ya gaji da jin mutanen gari suna cewa Zongo matattarar ƙazanta ce, baƙi ne da suka zo cinye maganin 'yan ƙasa. Shi kuwa ya san abin da ya gani tun yana yaro. Baƙo ya sauka daga Nijar ko Mali da shanunsa ko goronsa, mai gidan da ya sauke shi shi ne ubansa. In ya kwanta ciwo mai gida zai ciyar da shi, ya nemo mai magani, ya tsare masa dukiya, in ta Allah ta kasance ya yi masa sutura. Babu gwamnatin da ta tsara wannan. Lukuman ya ɗauri aniyar rubuta shi da harshen da manya ke ji, wato alƙaluma.

Haka ya bi Zongo zaure zaure. A shimfiɗa masa buzu, a kawo shayi, a fasa goro, ya yi tambaya mai gida ya amsa. Wa ke jinyar baƙo? Ina kuke samun magani? Yaushe rabonka da asibiti? Duk waɗannan da murya sake yake yinsu. Akwai guda ɗaya can ƙasa da in ya zo kanta sai ya sunkuyar da kai, ya faɗe ta da sauri kamar mai haɗiye kinin: "A ina matan gidan nan suke haihuwa?" Mai gida ma sai ya sunkuyar, ya ce, "A gida mana, ɗana. Muna da unguwar zoma." Sai su yi maza su koma zancen farashin shanu. Waɗannan fa iyayensa ne, su suka ga kaciyarsa. Da Bature ne, da ya kutsa cikin gida ya tambayi matan, a yi masa dariya a ba shi amsa. Shi ɗan gida ne, ya san inda ƙafar namiji ke tsayawa, kuma a nan ya tsaya.

Wata rana da la'asar yana tsakar gidansu yana gyara takardu, uwarsa na can gefe tana tsintar wake, ta ba shi baya. Sai ta ce, "Assana, tambayi yayanki, shi wannan aiki nasa na maza ne kaɗai?"

Lukuman ya yi murmushi, don ko wannan a wurinsa hira ce da ita. Ya ce, "Ki ce wa Mma, ai mai gida ya san abin da ke cikin gidansa."

Hajiya Barakatu ta ci gaba da tsintar wakenta. Uwa ba ta musu da ɗan fari, balle a kan irin wannan magana.

Rahoton ya fito, kuma ya yi farin jinin da ya fi ƙarfin mai shi. Zamani ne na jam'iyya ɗaya, ana ta kiran kowa ya koma ga al'adarsa, ya dogara da kansa. Sai ga wani malamin jami'a ya kawo hujja a rubuce cewa akwai unguwa guda da ke jinyar kanta, matanta ma a gida suke sauka. Aka karanta wani sashe a babban taro, aka yi tafi, 'yan rawar jam'iyya suka cashe. Aka ƙara masa girma a jami'a. Tsofaffin Zongo suka zo yi masa barka, Bobbo ya ce, "Ashe lissafin ma yana maganin raini."

Ba a daɗe ba katafila ta zo. An jima ana cewa za a tashi Zongo daga tsakiyar gari, har mutane sun daina yarda, sai ga shi an wayi gari ana rushe gidajen da kakanni suka gina. Aka kwashe mutane da tukwanensu da kwanon rufinsu zuwa wani fili can arewa, bayan Agowe, nesa da kasuwa, nesa da teku, nesa da komai. Gidajen masu gida suka watse. Wanda ya saba sauke baƙi cike da zaure, yanzu shi ma a rumfar langa-langa yake kwana. Abin da Lukuman ya rubuta ya yaba, katafila ta bi ta kansa.

A lokacin Assana ta yi aure, tana ɗauke da cikin fari. Mijinta Idi direban babbar mota ne, kullum yana hanyar Wagadugu, don haka ta dawo gaban uwarta kamar yadda aka saba. Wata Juma'a Lukuman ya je gaishe su, ya tarar da ita zaune bakin rumfa tana shan koko, ƙafafunta sun kumbura. Ya kawo musu labarin tsarin sabuwar unguwa da ya gani a wurin kwamitin da ke kula da ita. An ware filin masallaci, an ware na kasuwa. Ɗakin haihuwa, wanda matan Zongo ke kira matarniti, an ɗage shi sai wani lokaci, don bincike ya nuna ba a matse da shi ba. Har da sunansa a ƙasan shafin, kuma, Allah ya yafe masa, da ya gani sai da ya ɗan ji daɗi.

Assana ta ajiye kofin koko. "Yaya, to ni a ina zan haihu?"

"A gida mana, kamar kowa."

"Wane kowa?"

Ta dube shi, ta ga da gaske yake. Tsokanar nan tata duk ta gudu daga fuskarta. Ta rage murya ta gaya masa abin da duk macen Zongo ta sani. A tsohuwar unguwa, bayan gidaje akwai wani lungu, in ka bi shi ka tsallaka titi sai ga ka a matarniti, tafiyar da ko mai naƙuda za ta iya. Mace in ta ji ciwo ba ta sanar da namiji, abin kunya ne. Sai ta ja mayafi ta fita ta ƙofar baya, a raka ta, ta sauka, a dawo da ita ta nan inda ta fita. Mai gida yana zaure, abin da zai ji kawai shi ne guɗa, a ce masa an sauka lafiya. Wasu mazan ba su sani ba. Wasu sun sani, amma wa zai ce a gaban jama'a matarsa baƙin hannu ne suka karɓi haihuwarta?

"Wa ke raka su?" Lukuman ya tambaya.

"Mma mana. Tun ranar da Hussainatu ta mutu a cikinta, ita ma ta kusa bi, ta rantse ba za ta sake zuba ido mace ta yi doguwar naƙuda a ɗaki ba. Rabin yaran da kake gani suna ƙwallo, ita ta riƙo hannun uwayensu ta lungun nan."

Lukuman ya waiga. Uwarsa na durƙushe gaban murhu, ta ba su baya, tana hura wutar da ta riga ta kama. Ashe mutum ɗaya da ta fi kowa sanin amsar tambayarsa, ita ce mutum ɗaya da ba zai iya zama ya tambaya ba. Ya ji kunya, ya ji tsoro, tsoron ya fi yawa. Ya dubi kumburarrun ƙafafun ƙanwarsa, ya dubi jar hanyar da ta miƙe zuwa gari. Damina na tafe.

Washegari ya je wurin shugaban kwamitin, wanda tare suka yi makaranta suna yara. Ya ce masa rahoton yana da kuskure, babban kuskure, a gyara tsarin. Mutumin ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna kusa da shi.

"Lukuman, kana son kanka kuwa? Rahoton da aka yi wa tafi a gaban manya shi za ka ce kuskure ne? To su da suka tafa, me suka zama?"

"Mata za su mutu a hanya."

"Kawo mini sabon bincike. Sabo, ka ji, ba gyaran tsoho ba. Ka ce abubuwa sun canja bayan ƙaura. In akwai alƙaluma zan san inda zan cusa shi. Amma bakinka kaɗai ba zai gina ko bulo ɗaya ba."

Ba mugun mutum ba ne, yana da 'ya'ya ne kawai. Lukuman ya fita ya kama aiki kamar mahaukaci. Ya roƙi wasu ɗalibansa mata su shiga gidajen, amma 'yan gari ne, ba sa jin Hausa, matan Zongo suka ba su ruwa suka ce lafiya lau. Mutanen da aka rushe wa gidaje jiya, wa zai sake buɗe baki gaban mai riƙe da takarda? Ya je matarniti ɗin da kansa, aka ce sai da izini daga sama. Ya aika Assana ta roƙi uwarsu ta tara masa matan. Amsar ta dawo, wannan karon babu gishiri babu barkono: "Ta ce ba za ta iya zama gabanka ana wannan zance ba, Yaya. Ta yi kuka, amma ta ce ba za ta iya ba."

Ya ce to Assana ta dawo ɗakinsa a gari. Aka ce haba, ina aka taɓa jego a ɗakin wa, kuma gwauro? Uwar ma ba za ta kwana ƙarƙashin rufinsa ba. Da ƙyar ya samo musu ɗaki a unguwar Hanukope, cikin gari, wurin wata tsohuwar ƙawar Hajiya Barakatu, aka shirya in watan haihuwa ya kama zai zo da taksi ya kwashe su. Assana ta ce, "Likita Ba Allura, ka kwantar da hankalinka. Da sauran wata guda cur, kai ne kamar mai cikin."

Ba a kai watan ba. Ranar da abin ya faru ruwa ya kwana yana zuba, ya wuni bai ɗauke ba. Lukuman yana zaune a benci ƙofar ofishin kwamiti da ɗan abin da ya iya haɗawa, shafuka marasa ƙarfi da shi kansa ya san ba su isa ba, yana jiran a kira shi. Wajen azahar sai ga Bobbo ya shigo, babbar rigarsa jiƙe sharkaf, laka har gwiwa, ba hula. Bai yi sallama ba. Dattijo kamar Bobbo ya shigo wuri ba sallama, ai ba sai an gaya maka ba.

A hanya ya ba shi labari. Naƙuda ta tashi da hantsi, jini ya ɓalle. Hajiya Barakatu da kanta ta fito, ba mayafi, ta ratsa rumfar maza tana kiran a taimaka, ita da ba a taɓa jin muryarta a waje ba. Babu taksin da ke shiga unguwar in an yi ruwa. Bobbo ya sa su a bayan motarsa ta ɗaukar fata, motar ta kafe a laka, maza suka tura, ta fita, ta sake kafewa. Assana ta haihu a bayan motar, uwarta na riƙe da kanta, an kare su da tabarma. Yarinya ta zo da rai. Jinin ne bai tsaya ba. Kafin su hau kwalta, Assana ta cika.

"Ta yi magana?" Lukuman ya tambaya.

"Ta ce a gaya maka kada ka biya kuɗin ɗakin Hanukope a banza, ka karɓo abinka." Bobbo ya share fuska da hannun riga. "Har a lokacin tsokanarka take yi."

Lukuman ya yi kuka a titi, mutane na kallo, bai damu ba. Aka yi jana'iza da la'asar a cikin yayyafi, Idi ma ba ya nan, sai bayan kwana biyu labari ya same shi a kan iyaka. Masu gidan nan da suka ba shi amsa a zaure duk sun zo, kowa ya riƙe hannunsa ya ce sai haƙuri, kwana ne ya ƙare. Babu wanda ya ɗora masa laifi. Da ma wani ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Ranar sadakar uku yana zaune cikin maza a rumfar da ta maye gurbin zaure, an yi addu'a an shafa, ana raba wainar masa. Kansa na ƙasa. Ya riga ya yanke a ransa zai bar jami'a, ya bar alƙaluma, ya je ko goro ne ya sayar. Sai ya ji murya daga cikin gida, ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji ta.

"Lukuman."

Hannun mai rabon masa ya tsaya a cikin kwano. Tsofaffi suka dubi juna. Shi kuwa bai motsa ba, don bai gane muryar ba tukuna, bai taɓa jin sunan nan da ita ba.

"Lukuman, shigo ciki. Ka zo da alƙalaminka."

Ya miƙe, ya ɗaga buhun da aka rataya a matsayin labule. Tsakar gidan cike yake da mata, tsofaffi da masu goyo da masu ciki, wasu ya san su tun yana yaro, bai taɓa sanin muryarsu ba. Ba wadda ta ja mayafi ta rufe fuska. Hajiya Barakatu tana zaune a tsakiya a kan tabarma, jaririyar na cinyarta a naɗe cikin zanen Assana. Ta matsa gefe, ta dafa tabarmar kusa da ita.

Ya zauna. Shekarunsa duka yana jiran wannan, ga shi ya samu, kuma da zai iya mayar da shi a ba shi ƙanwarsa tana ce masa Likita Ba Allura, da ya mayar ya ƙara da duk takardun da ya taɓa samu.

Ta dube shi ido cikin ido. Idanunta sun yi ja, amma babu hawaye, sun ƙare.

"Kunya ta ci mini 'ya," ta ce. "Tawa da taka. Ga su nan na tara maka su, akwai masu jiran wata a cikinsu. Abin da ka tambayi mazan, tambaye ni."

Ya zaro alƙalami, wata ta miƙo masa takardar da aka ƙunso sukari a ciki, ya shimfiɗa ta a gwiwa. Ya gyara zama. Matan suka jira shi. Jaririyar ta motsa, uwarsa ta jijjiga ta ba tare da ta ɗauke ido daga kansa ba. Ya yi tambayar, wannan karon bai sunkuyar da kai ba.

"Mma, a ina matan gidan nan suke haihuwa?"

"A hanya," ta ce. "Rubuta."